Juma'ata da Asabar Ɗinsu

Samarin da ke zama da mu bayan an sauko Juma'a a Edmonton, nan arewacin Landan, su suka jawo wannan rubutu. Ɗaya daga cikinsu, ɗan wani abokina, watan jiya ya karɓi lasin ƙaramar mota, sai ga shi yana ce mini, "Kawu, ni ma coach zan koma. Ai zama ne kawai, waya na faɗa maka hanya, kana yawon Turai a kyauta." Ban ba shi amsa a wurin ba, don da na buɗe baki da na zage shi a gaban ubansa. Ni ba ɗan boko ba ne, a aji shida na firamare na tsaya, duk wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara da kansa. Abin da na sani mota ne. Shekara ashirin da biyu ina jan coach, wato babbar bas ta dogon zango mai kujera hamsin da uku, daga wani gareji da ke bayan layin dogo a nan unguwar.

Aikina na farko a garejin wanki ne. Direbobi su dawo da mota, ni in shiga da bokiti da tsintsiya in kwashe abin da mutum hamsin suka bari: cingam a ƙarƙashin kujera, ƙashin kaza, kwalbar giya, wani lokaci abin da ba ya faɗuwa. Shekara biyu ina haka kafin Baba Issaka ya ce wa maigidan, mai garejin, a sa ni a layin koyo. Baba Issaka mutumin zangon Kumasi ne, gajere, ba ya dariya kafin azahar, kuma a Hausarsa komai namiji ne. "Sani," in ji shi, "mota shi ba ya ƙarya. Direba ne yake ƙarya." Wata uku bai bar ni na taɓa sitiyari ba. Kullum da safe sai ya miƙo mini tocila ya ce in zagaya. Taya shida, notocinsu, fitilu, madubai, ƙofar gaggawa, 'yar gudumar fasa gilashi, tukunyar kashe gobara, akwatin magani. Wata rana ya sassauta noti ɗaya da gangan bai faɗa mini ba. Na zagaya na dawo na ce lafiya lau. Ya ce, "Madalla. Je ka ɗauko 'ya'yanka mu hau babbar hanya da su." Sannan ya durƙusa ya juya notin da yatsa biyu. Daga ranar ban ƙara duba mota da ido kaɗai ba, sai na sa hannu.

Ranar da na fara ɗaukar fasinja, matan wani coci ne daga Camberwell za su bakin teku. Yawancinsu mutanen Jos ne da Kafanchan, muna ta Hausa, suna waƙa tun kafin mu fita layi. A kwanar farko na karya sitiyari kamar ina cikin ƙaramar mota. Gaba ya wuce lafiya, baya ya share wani turken ƙarfe a gefen titi. Waƙa ta tsaya cak. Wata dattijuwa a kujerar ƙarshe ta ɗaga murya ta ce, "Direba, mu na baya ma da kai muke tafiya ko?" Baba Issaka yana kujerar gefe, bai ko kalle ni ba, ya ce, "Ka ji. Kai ka tuƙa gaba, wa ka bar ma baya?" Mota mai tsawon mita goma sha biyu, in ka juya kanta dama, wutsiyarta hagu take fita. Wannan ba ya cikin waya.

Ita wayar ma, na taɓa bin ta. Wani biki na ɗauka daga Woolwich, ta ce ga gajeriyar hanya, na shiga, sai ga gadar jirgin ƙasa a gabana wadda tsayinta bai kai na motata ba. Waya ba ta san tsayin coach ba. An rubuta shi a saman gilashi, daidai idon direba, saboda wawaye irina. Na koma da baya wajen mita ɗari uku, motoci na ta hon, gwaggon amarya tana tsaye a kaina, gwaggwaronta na gogar rufin mota, tana tambayata ko a ƙauyenmu akwai titi.

Sai kati. Kowane direba yana da katinsa da yake zura wa wata na'ura kusa da sitiyari, tana rubuta duk motsin taya. Ka yi awa huɗu da rabi kana tuƙi, dole ka tsaya minti arba'in da biyar. Ba ruwanta da Alhajin da jirginsa zai tashi, ba ruwanta da saura mil biyar ka isa. Saboda haka direban coach da agogo yake aiki kafin sitiyari. In an ba ka takardar tafiya, zama za ka yi da biro ka lissafa daga ƙarshe zuwa farko: ƙarfe nawa ake son su a can, ina zan tsaya, ina hanya take cushewa, nawa zan ajiye don abin da ban sani ba. Na iya wannan lissafi sarai. Na faɗa ne tun yanzu don kada in na zo labarin da ke gaba wani ya ce ban iya ba ne.

Shekarar korona a mako ɗaya aka yi cancel ɗin komai. Makarantu, bukukuwa, 'yan kallon ƙwallo, masu zuwa filin jirgi. Motoci tara suka tsaya a gareji har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu, batura suka mutu. Na koma raba kwalaye gida-gida da ƙaramar mota, ina hawa benayen council, gidajen hayar hukuma, da gwiwar da ta saba zama. A shekarar Baba Issaka ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da aka buɗe hanya, cikin direbobi goma sha ɗaya mu huɗu muka dawo.

Aikin ƙetare na farko da ya shigo mana bayan nan na wata makarantar 'yan mata ce ta Yahudawa a arewacin Landan. Ba baƙi ba ne a wurina, na yi shekaru ina kai su iyo da gidan tarihi. Kwastomomi ne masu sauƙi in ka san ƙa'idarsu. Abincinsu yana akwatin sanyinsu, kada naka ya kusance shi. Kada ka kunna rediyo. Kada ka miƙa wa malama hannu. Duk wannan bai taɓa ba ni wahala ba, ai kusan tarbiyyar gidanmu ce. Har nakan ce wa sauran direbobi, "Ku bar mini su, ni na san su." Da wannan maganar na tada mota.

Tafiyar kwana huɗu ce zuwa Beljiyam a farkon Disamba. Yara talatin da biyu, 'yan shekara sha biyu zuwa sha uku, da malamai mata uku. Babbarsu Misis Adler, haifaffiyar Antwerp ce, ita ta haɗa abin. Makarantar ba ta yarda yara su riƙe waya ba, don haka shekara uku kowace yarinya tana da ƙawa a wata makarantar Yahudawa ta Antwerp, suna rubuta wa juna wasiƙa da hannu, a sa a ambulan a kai gidan waya. Ba su taɓa ganin juna ba, korona ta hana. Tsarin shi ne Laraba mu tsallaka, Alhamis da safiyar Juma'a yawon ganin gari a Brussels, ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a in ɗauke su zuwa Antwerp, tafiyar awa guda. A can kowace yarinya za ta bi ƙawarta gida ta yi Asabar da su. Asabar ɗinsu daga faɗuwar ranar Juma'a take kamawa har duhun ranar Asabar, ba a aiki, ba a shiga mota. Tana fita kuma za mu nufi jirgin ruwa, don maigidan ya riga ya yi wa wasu booking ɗin motar ranar Lahadi. Wato wannan kwana ɗaya da yini ɗaya shi ne tafiyar. Sauran duk rakiya ce.

Misis Adler da kanta ta miƙo mini takardar tafiya. A layin Juma'a ta ja jan biro sau biyu a ƙarƙashin ƙarfe huɗu da kwata. A Disamba can da wuri rana take faɗuwa.

"Mista Sani, wannan ba lokacin isowa ba ne, iyaka ce. Bayan wannan babu yarinya ko ɗaya a cikin mota."

Na ce na ji. Na ga awa uku da kwata don tafiyar awa guda, na ninke takarda na sa a aljihu.

Kujerar gaba, wadda ke bayan ƙofa, ta wata yarinya ce mai suna Dina. Ƙafarta ɗaya da ƙarfe daga gwiwa zuwa idon sawu, da sanda take tafiya, kuma ba ta nisa. Amma baki, tubarkalla. Gwangwanin biskit ne a cinyarta cike da wasiƙun ƙawarta Hanna, ta ɗaure na kowace shekara da roba daban.

"Mista Sani, Hanna tana da ƙanne shida, na bakwai yana hanya. Kai 'ya'yanka nawa?"

"Huɗu."

"Kaɗan ne. Amma ka yi ƙoƙari."

Wata daga baya ta ce, "Dina, ki bar shi ya yi tuƙi kafin ki jefa mu a teku!"

"Ta teku za mu bi ai, sakarya. Ke a ƙasa kika zaci Faransa take?"

A jirgin ruwa sauran suka hau sama kallon ruwa. Ita matakala ta hana ta, sai ta zo ta zauna a teburin da nake shan shayi, malamarta na teburin kusa.

"Ban faɗa wa Hanna zancen ƙafata ba," in ji ta.

"Shekara uku?"

"Na ce mata ba na son wasan tsalle-tsalle. Ai ba ƙarya na yi ba. So nake in faɗa mata da bakina, muna zaune. A zaune ni da kowa ɗaya muke."

Na ce ta sha lemonta kafin jirgi ya zubar mata.

Ranar Juma'a ƙarfe goma na sauke su a ƙofar gidan tarihi, na kai mota filin ajiyar coach, inda za su tako su same ni ƙarfe ɗaya. Wajen sha biyu wani direba ɗan Maroko da ke kusa da ni ya ga carbi a hannuna. Da ɗan Turanci da ɗan Larabci da nuni ya gaya mini akwai masallaci nan kusa, tafiyar minti goma, sha biyu da rabi ake sallah. Na duba agogo, na ga zan je in dawo kafin ɗaya. Na kulle mota na tafi. Ba minti goma ba ne, ashirin ne da ɗoriya. Da na isa masallacin ya cika, an rufe ƙofa, mai tsaron ƙofar ya ce sai zagaye na biyu, ɗaya da rabi. Haka ake yi a Turai inda wuri ya yi kaɗan.

A bakin titin nan abin ya faru, ba a kan hanya ba. Ina da lokacin komawa. Na tsaya da takalmi a hannu ina lissafi. In na jira, biyu da 'yan mintoci ina mota, uku da 'yan mintoci muna Antwerp, da saura awa guda. In ma hanya ta cushe muka ɗan wuce, sai me? Ai matafiya ne. Mu in muna tafiya raka'a huɗu biyu take komawa, azahar ta haɗu da la'asar, azumi ma a ajiye a rama. Tun ina ƙarami na san matafiyi an ɗauke masa nauyi. Mutanen da ba sa cin alade, suna yanka, suna kaciya, ta yaya za a ce ba su da kasaru? Na ɗauki addinina na auna nasu da shi. Ban kira Misis Adler ba, don na san abin da za ta ce. Na kashe waya kamar yadda aka rubuta a jikin ƙofa, na zauna jiran sahu.

Da aka sallame, a wurin takalma na ji ana Hausa. Wani mutumin Maraɗi ne da ɗan'uwansa. Ina gida, ina iyali, wane gari, ka san wane. Minti goma suka tafi a nan. Wannan ko uzurin sallah ba ni da shi.

Biyu da kwata na iso filin. Yara talatin da biyu a jikin mota cikin sanyi, awa ɗaya da kwata suna tsaye, makulli yana aljihuna. Dina tana zaune a gefen titi a kan kwat ɗin wata malama. Misis Adler ba ta ɗaga murya ba.

"Ina ka je?"

"Masallaci."

Ta dube ni ta ɗan jima. "To, kai ka samu taka. Buɗe ƙofa."

Duk direban da ya san Brussels ya san titin da ya zagaye garin ranar Juma'a. In ka fita ƙarfe ɗaya ka wuce, in ka kai biyu da rabi ka shiga cikin masu tashi daga aiki. Minti arba'in muka ci kafin mu rabu da gari. Bayan nan hanya ta ɗan buɗe, har na fara cewa na sha. Sai fitilun baya suka yi ja gaba ɗaya iyakar ganina. Tirela ce ta kife can gaba, layi uku ya koma ɗaya. Wanda ya fita ƙarfe ɗaya ya wuce wurin tun tirelar tana kan tayoyinta.

Yara suka daina surutu. Duk wanda ya taɓa jan 'yan makaranta ya san shirunsu ya fi ihunsu ban tsoro. A madubin hagu ina ganin rana tana sauka bayan itatuwa. Misis Adler ta zo ta zauna a kujerar gefe, ta cire agogonta ta riƙe a hannu.

Na ce, "Madam, in mun ɗan wuce lokaci fa? Ai a hanya kuke. Ba a sassauta wa matafiyi?"

"A'a."

"Ko rabin awa?"

"Ko minti ɗaya. Da rai ne a cikin haɗari, da ni da kaina zan ce ka taka mota. Wannan ba rai ba ne." Mota ta matsa taku goma ta sake tsayawa. Sai ta ce, "Ku ana sassauta muku?"

"Ana yi."

"Har sallar da ka je yau?"

Da na ce a'a ba ta da hanyar sani. Na ce, "Har ita. Matafiyi ba dole ya je Juma'a ba. Azahar zai yi a inda yake."

Ta koma kallon agogo. Dina tana bayanta, ta ji duka.

Huɗu saura biyar ta ce in sauka daga babbar hanya a mafita ta gaba, ko ina ce. Minti goma muka ci kafin mu kai ta. Wata unguwa ce a bakin Antwerp ta kudu, da wani ƙaramin otal mai fili a gaba, nan na shiga. Misis Adler ta san wurin. Ta ce daga nan gidaje a haɗe suke har cikin gari, kilomita takwas zuwa makarantar, za su taka. Ta kira can ta faɗa musu, ta kashe waya ta ajiye a gabana. Ban taɓa ganin yara sun yi sauri irin na ranar ba. Ba sa ɗaukar kaya a titi ranar Asabar, don haka kowace ta juye aljihunta a kan kujera: biro, tishu, alewa, 'yar jakar kuɗi. Kyaututtukan da suka naɗe wa ƙawayensu tun daga Landan suka zauna a kan kujeru kamar fasinja. Na ciro rigunan nan masu ƙyalli guda huɗu da muke ajiyewa don in mota ta lalace, malamai biyu suka sa, yarinyar gaba da ta baya suka sa. Ƙaramar malamar, Mis Leah, ta ruga cikin otal ta kama ɗaki a ƙasa kafin lokaci ya cika, ni kuma na bi ta da akwatin sanyi.

Da na fito sun jera biyu-biyu, Dina tana cikin layi da sandarta. Misis Adler ta dafa kafaɗarta.

"Zan iya," in ji Dina.

"Ba za ki iya ba, 'yata."

"In na gaji sai mu huta."

"Duhu zai yi, ga sanyi, ga yara talatin da ɗaya. Ba za ki iya ba."

Na matso na ce, "Madam, ni ba Bayahude ba ne. Ni zan tuƙa, ita zama kawai za ta yi. Ko in kira taksi."

"Mista Sani, ka yi mana malanta sau ɗaya yau. Ta isa."

Suka kama hanya. Dina ta tsaya a filin otal har rigar ƙarshe mai ƙyalli ta sha kwana.

Kwana da yini muka yi a otal ɗin nan, ni da Dina da Mis Leah. Sauran suna can a teburan mutane da miya mai zafi da burodin Asabar. Waɗannan biyun abin da ke cikin akwatin sanyi suka ci: biskit, kifin gwangwani, tuffa. Ƙofar ɗakinsu da kati take buɗewa, lantarki ne, ba sa taɓawa, kuma ba za su ce in buɗe musu ba, don shi ma bai halatta ba. Sai na ɗauki kujera na zauna inda nake ganin ƙofar, in na ga sun nufo ta in tashi in buɗe kamar ni na ga dama. Aikin da na yi ranar Asabar ke nan. An wuni ana ruwa. Gidan su Hanna can ƙarshen gari yake ta arewa, uwarta da tsohon ciki, babu mai rako ta wannan nisa. Mis Leah ta gaya wa Dina haka tun da safe, duk da haka a bakin tagar falo ta wuni. Sau ɗaya ta yi mini magana.

"Mista Sani, sallar ta yi daɗi?"

Har yau ban san gatse ne ko tambaya ba. Na ce, "An yi sallah."

Ta ce, "To."

Wanda ke jira ya ji an kore ni, ba a kore ni ba. Makarantar ba ta kai ƙarata wurin maigida ba. Har yau suna booking da garejinmu, sai dai a ƙasan takarda suna rubuta a turo wani direba.

Shida saura kwata Mis Leah ta duba agogon bango, ta yi addu'arta, ta ce Asabar ta fita. Takarda ta ce mu bar Antwerp shida da rabi, don jirgin da muka yi booking shi ne na ƙarshe da ke da wurin coach. Shida da minti goma na tsaya a ƙofar makarantar. Titi cike da iyaye da yara. 'Yan Landan sanye da kayan aro, sun cakuɗe da 'yan Antwerp ba ka bambance su, hannu cikin hannu, wasu na kuka wasu na dariya. Ina buɗe ƙofa suka ruga ciki suka kwaso kyaututtukansu. Wata doguwar yarinya mai tabarau tana tsaye ita kaɗai a jikin fitilar titi. Mis Leah ta taimaki Dina ta sauko. Yarinyar, wato Hanna, ba ta fara kallon fuskar Dina ba, ƙafar ta kalla, sannan ta yi sauri ta kau da kai.

Dina ta juyo ta ce wa Mis Leah, ina ji, "Sun riga sun faɗa mata."

Dole su faɗa. Ai sai da aka yi wa gidan bayanin abin da ya sa kujera ɗaya ta zauna babu kowa a teburinsu.

Ga abin da ban sani ba game da abokan wasiƙa sai ranar. Mutum biyu da suka san cikin juna a takarda, in suka haɗu ido da ido bakinsu mutuwa yake. Sauran ma haka suka yi da farko, sai da aka ci abinci, aka kwana aka tashi, sannan suka saki jiki. Su suna da kwana da yini. Waɗannan biyun minti ashirin. Suka gaisa da hannu kamar manya. Dina ta miƙa kyauta, Hanna ta ce ta gode. Suka tsaya suna kallon tayar mota. Hanna ta tambaya ko Landan da sanyi. Dina, wadda ba ta yi shiru ba daga Landan har Brussels, ta ce, "Akwai."

Ina tsaye a bakin ƙofa ina ƙirga masu shiga. Ashirin da takwas, talatin, talatin da ɗaya. Shida da rabi ta yi. A lokacin wata malamar Antwerp ta wuce da wata jar hula mai gashin tsuntsu a kanta. Hanna ta sunkuya ta raɗa wa Dina wani abu, ta nuna da haɓa. Ko wadda take ba ta labarinta a wasiƙa ce, ban sani ba. Dina ta tuntsire da dariya har sanda ta kusa kufce mata, Hanna ta riƙe ta, sai ga su suna magana a tare, kowa na katse kowa, kamar an fasa famfo.

Ina da minti goma da na ajiye don abin da ban sani ba. Na ba su biyar. Na ƙara musu biyar. Bayan wannan jirgi ne zai tafi ya bar mu, yara talatin da biyu su kwana a bakin ruwa, iyayensu na jira a Landan. Na leƙa ciki na dubi Misis Adler.

Ta ce, "Kai ne direba. Kai za ka faɗa mata."

Na je na tsaya a gabansu. "Dina, lokaci ya yi."

"Minti biyar, Mista Sani."

"Babu."

"Biyu."

"Babu, Dina."

Matakala uku ce a ƙofar coach, ita kuma ɗaya-ɗaya take hawa. Hanna ta biyo ta har bakin ƙofa tana ta magana da sauri, ƙafarta ɗaya a kan titi ɗaya a matakalar farko. Na zauna, na zura kati, na ce ta ja baya. Ta ja baya, ba ta daina magana ba. Tana cewa, "Kuma kin san abin da ya faru da aka buɗe akwatin? Sai ga," na danna ƙofa ta rufe.

Ban san abin da ke cikin akwatin ba. Dina ma sai da ta jira ambulan.